Ranar da Sama'ilu Ya Zo Na Baya a Gayya

Duk wanda ya taɓa noma a ƙauyukan Makoda ya san Sama'ilu. Kai, mutumin nan kamar da garma aka haife shi! In aka kira gayya, kafin makaɗi ya gama ɗaure ganga shi ya kai bakin gona. Abin da ba kowa ya sani ba, tun yana ɗan sha tara yake jefa ƙwayar tiramol biyu a shayi kafin ya fita, kamar yadda 'yan ƙwadago ke yi don kada su ji gajiya.

Ya auri Tahira, shekara uku shiru, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Abin da ke cin ransa ke nan. Jiki kuma ya soma ƙi: kasala, saurin fushi, teɓa ta fito, sha'awar iyali ta yi ƙaura. Da ya ɓara wa abokai a majalisa, baki ɗaya suka ce, "Basir ne!" Mu dai a wurinmu komai basir ne. Ya sha jiƙon mai tallar magani da lasifika a kasuwa har harshensa ya yi baƙi. Tahira kuwa, baiwar Allah, ita ake ta ɗura wa saiwoyi, don uwarsa Inna Zulaihatu ta rantse daga wajen mace matsalar take.

Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyen ne ya gaji da ganinsa, ya tura shi asibiti a Kano. Sau biyu ana ɗibar jininsa da sassafe.

"Sinadarin da ke ba namiji ƙarfi, testostiron, naka ya yi ƙasa sosai," in ji likita. "Ƙwayar nan ce ta danne shi."

"To a yi mini allura mana, likita! Ga damina ta kawo kai."

"Akwai allurar, kuma ƙarfi zai dawo da wuri. Amma muddin kana yin ta, tana iya tsayar da haihuwa. Ɗayar hanyar doguwa ce. Mu rage ƙwayar sannu a hankali har ka rabu da ita, ka riƙa barci isasshe, ka ci wake da ƙwai, kana dawowa gwaji."

Sama'ilu ko numfashi bai gama ja ba ya ce, "Doguwar nake so."

Ya ci baƙar wuya, wallahi. Zufa, ciwon gaɓoɓi, hamma ba ƙaƙƙautawa. Mafi wuya shi ne ranar da ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, a bar yarinyar nan ta huta. Ni ne." Inna ta tafa hannu tana salati, kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Daminar da ta zagayo aka yi gayya a gonar Mika'ilu maƙwabcinsa. Sama'ilu ya zo na baya ƙarƙaf, samari har da riƙe ciki don dariya. Ana haka mata suka iso da fura. Tahira ta dire bokitinta kusa da shi, kanta a ƙasa, ta ce a hankali, "Malam, na je an gwada. Wata biyu."

Wayyo daɗi! Ya yi jifa da garma, ya faɗa gaban ganga yana tsalle, hawaye na zuba. Jama'a suka ce rana ta taɓa shi. Bai faɗa wa kowa ba, don ciki ƙarami ba a shelarsa.

Da Tahira ta sunkuya za ta ɗauki tulun ruwa, ya riga ta. A gaban maza arba'in ya aza shi a ka, ya ce, "Wuce gaba, ke kin gama ɗaukar kaya."