Ɗigon Ja a Gindin Kwalba

Maƙwabciyarmu ta fi shekara ashirin tana sharar asibiti. Uwar Tsafta muke ce mata, ita ma ba ta musu. In ka sha ruwa a gidanta, kafin ka haɗiye ta wanke kofin. Mijinta, tsohon direba, yakan ce don yana motsi ne kawai ba a shanya shi a igiya ba.

Zubar da abu ne ba ta iya ba. Kwalaben allura da aka gama da su takan kwaso su gida, ta wanke, ta ba masu turare. Don kada wankakku su gauraya da marasa wanki, takan ɗiga jan farce a gindin kowace. Farcenta kuwa bai taɓa ganin jan nan ba.

Da annoba ta shigo, allurar masu sarƙewar numfashi ta yi wuya. Sai ga wani mai babur, wai shi ma mai turare ne, yana neman kwalabenta, da sharaɗin kada takardar jikinsu ta jiƙe.

"Ba kowa ya iya ba, Mama," in ji shi. "Sai irinku."

Yabon ya shige ta. Ta koma wanki da auduga da tsinke, takarda ko damshi ba ta sha. Ba ta tambayi abin da mai turare zai yi da sunan allura ba.

Ana nan tarin annobar ya kama mijin. Asibiti babu allurar, aka ce su nemo a waje. Ta samo shida a wani kemis bayan kasuwa, nas ta yi masa huɗu cikin kwana biyu. Numfashi sai ja da baya.

"Uwargida," ya ce da ƙyar, yana son ya ba ta dariya, "ko allurar ma kin wanke ta ne?"

Rana ta uku tana share ƙarƙashin gadonsa, ta tsinci kwalbar da aka yar. Hannu ya juya ta bisa sabo. Ɗigon ja yana nan.

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta kai biyun da suka rage wa mai kula da magungunan asibiti, ta faɗi komai, har lambar babur. Ya gwada: ruwan gishiri. Hukuma ta rufe kemis ɗin, aka kwashe kwali-kwali. Allurar gaske ta iso da azahar. Direba kuwa ya cika tun da hantsi.

Tana nan tana shara. Sai dai yanzu akwai ƙaramar guduma a aljihun rigar aikinta, kuma ba kwalbar da ke fita daga ɗakin majinyata da ranta.

Kwanan baya na tarar da ita tana fasawa, na ce, "Yaya, yau ke ce da ɓarna?"

Ba ta ɗago ba. "Matsa," ta ce. "Kada ka taka."