Yadda Muka Talauta Kanmu a Intanet

Ko zan manta hanyar gidana, ba zan manta da safiyar da masu hannun jari suka cika harabar kamfaninmu suna neman kaina ba. Ku da kuke ofishin nan yanzu kuna latsa waya da yatsa ɗaya, ku gyara zama ku ji.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, soja na shirin miƙa mulki. Ina aiki a wani kamfanin matsar man gyaɗa a bayan garin Kontagora, a matsayin jami'in hulɗa da jama'a. Sunan aikin ke nan a takarda. A aikace kuwa ƙara gishiri ne. In mun sayi buhu in ce mota, in mun sayi mota in ce jirgin ƙasa. Sama da ni akwai Manaja, Mista Bitrus, mutumin Tungan Magajiya. Sama da kowa akwai Ciyaman, Alhaji Mamman, wanda ya kafa kamfanin. Masu hannun jari kuma su ne waɗanda suka zuba dukiyarsu a ciki, ana raba musu riba a taron shekara. Yawancinsu 'yan kasuwar hatsi ne da manoma daga nan har Kasuwan Garba da Bangi.

A shekarar muka kawo sabon inji, ƙato, mai cin gyaɗa kamar yana da gaba da ita. Ciyar da shi sai da ƙarin jari daga manyan birane. Sai Manaja ya ce a yi mana shafin intanet domin masu zuba jari. Ya bayyana mana cewa allo ne wanda duk mai kwamfuta a duniya zai iya karantawa. Mu dai a Kontagora ba mai iya ganinsa, don ko layin tarho sai ya ga dama yake kamawa. Wani kamfani a Kaduna zai gina shafin, ni zan kai musu hotuna da bayani.

Manaja ya ce, "Mai zuba jari yana son ya ga abin da muke da shi, da su wa ke jagorancin kamfani, da riba ko faɗuwa, da wanda zai tuntuɓa. Kada a ƙara, kada a rage." Da ya zo kan "kada a ƙara" sai ya zuba mini ido har na tsargu. "Kada a rage" ɗin kuwa ba wanda ya damu da shi. Wa zai rage?

Na kira mai hoto, ya ɗauki sabon inji, da sito cike da buhuna har rufi, da sababbin motocinmu. Na kai wa Ciyaman ya sa albarka.

To, Alhaji Mamman mutum ne mai tsoron kambun baka, wato a yaba abinka ba a ce tubarkalla ba, abin ya lalace. Sabuwar motarsa ta shekara a ƙarƙashin tamfol. In ka tambaye shi shanunsa sai ya ce 'yan maruƙa ne. Ya juya hotunan a hankali.

"Ɗanlami, wa zai ga wannan?"

"Duniya gaba ɗaya, ranka ya daɗe."

"Har da mahassada?"

"In suna da kwamfuta, ranka ya daɗe."

"Mahassaci ko ba shi da ita sai ya ara. Mutum ɗaya ya kalli injin nan ya ce 'kai!' an gama da mu. Kai kuma kana so ka baje shi gaban Turawan da ko tubarkalla ba su iya ba?"

Manaja ya yi bayani har gumi ya jiƙa masa kwala. Ciyaman ya ce, "Bitrus, kai boko ka yi, ni kasuwa na yi. A sake hoto."

Aka sake. Maimakon sababbin motoci, aka ɗauki tsohuwar gingimarin da kaji suke ƙwai a kujerar direbanta. Maimakon sito, aka share wani lungu aka jingine tsintsiya. Wurin riba Ciyaman ya ce a rubuta abin da ɗan kasuwa mai hankali yake faɗa: ana lallaɓawa, sai godiyar Allah. Hoton shugabanni kuwa ya ce ba shi ba shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dole a sa wanda za a tuntuɓa."

Ya ce, "A sa sunanka, da hotonka. In ma bakin ne, ya tsaya a kanka."

Haka shafin ya hau: mota matacciya, tsintsiya, da ni ina murmushi cikin babbar riga.

Daga Legas shiru, daga Kano shiru. Ashe surukin Hajiya Kulu mai hatsi, wadda take cikin manyan masu hannun jarinmu, yana aikin banki a Kaduna. Ya ga shafin, ya buga shi a takarda, ya aiko mata. Kafin mu farga labari ya zagaye kasuwanni. Ran nan na iso ofis na tarar da jama'a kamar ana rabon taki, kowa na cewa a ba shi jarinsa ya tafi. Lokacin sayen gyaɗa ne. In suka janye, inji zai kwana da yunwa, kamfani ya rufe, ni kuma in koma gida in yi wa matata hulɗa da jama'a.

Hajiya Kulu ta ɗaga takardar a hancina. "Ɗanlami, wannan ba fuskarka ba ce?"

"Ita ce, Hajiya, amma..."

"Shekara nawa muna jin ka? Mun san awonka. Duk abin da ka faɗa, rabi muke ɗauka mu zubar da rabi. In ka ce an ci riba mai yawa, mun san an samu na cefane. Yau kai da bakinka ka ce ana lallaɓawa? To an mutu, an binne, har an yi sadakar uku!"

Na rantse mata sito cike yake har rufi. Wallahi karo na farko ke nan da na faɗi magana ba gishiri ko ƙwaya. Wani dattijo daga Bangi ya ce, "Har rufi? To ya kai gwiwa ke nan." Aka bushe da dariya, irin wadda ba daɗi.

Ana haka Ciyaman ya iso. Hajiya ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Alhaji, a buɗe mana sito da ɗakin inji. In ba mu gani ba, yau za mu raba gari."

Na ga fuskar Alhaji Mamman ta yamutse. Ya gudu daga idon Turawan da ba su ma kalla ba, ga shi zai buɗe wa rabin masarauta. Can ya ce, "Za a buɗe. Amma kowa ya ce tubarkalla masha Allah a bakin ƙofa. Ɗanlami, tsaya ka karɓa."

Na tsaya ina karɓar tubarkalla kamar mai yankan tikiti a tasha. Suka shiga, suka ga buhuna, suka ga motoci, aka tayar da inji ƙasa ta girgiza. Dattijon Bangi ya riƙe haɓa ya ce, "Kai!" Ciyaman ya runtse ido.

Da suka fito Hajiya Kulu ta ce, "Alhaji, kayan nan namu ne. Ka ɓoye wa maƙiyi mun ji, mu masu kayan fa?" Ba wanda ya janye ko sisi. Aka gyara shafin da hotunan gaskiya, bisa sharaɗin a rubuta Masha Allah a ƙarƙashin kowanne. Daga baya wani attajiri ya zo daga Kaduna ya zuba jari, aikina ya tsira.

Ba a jima ba bel ɗin injin ya tsinke. Manaja ya ce zafi ne da yawan aiki. Ciyaman kuwa ni kawai ya kalla, kallon da har yau ina jin sa a ƙeyata.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ba ka dukiyarsa so yake ya ga abin yadda yake. In ka rage zai firgita, in ka saba ƙarawa kuma, ranar da kake buƙatar a yarda da kai za a raba maganarka biyu. Tun daga ranar na daina ƙara gishiri. To, ku ma kun san awon, sai ku ɗauki rabi.