Bindigar Bina Choolwe

A ƙauyenmu na bakin tafkin Kariba, kowa ya san Bina Choolwe. Da mijinta ya rasu, sai ta je ta yi wa bindigarsa lasisi da sunanta, don babu ruwan dorina da takaba. Masara na fara goyo dorinai za su fito daga ruwa. Harbi ɗaya take yi sama su koma, kuma duk gonakin gefenmu da ita suka dogara.

Wata safiya ta hangi wani abu baƙi cikin masara, ta harba, ba ta ɗaga bakin bindigar sosai ba. Ashe bijimin maƙwabcinta Siamunyano ne. Kunne kawai ya rasa, amma mai shi ya kai ƙara da zafinsa. Aka karɓe bindigar, aka soke lasisin, wai idonta ya mutu.

"Iya, je ki huta," in ji ɗan sandan da ya karɓi bindigar. "Ko ni ba kya gani sosai."

"Ina ganinka sarai, ɗana. Wannan tumbin ai ba ya ɓoyuwa."

Ni na raka ta, kuma a hanyar gida ta gaya mini gaskiya, ta daɗe tana gani dishi-dishi. Ba ta tsaya kuka ba. Ta shiga mota zuwa asibitin garin Choma, aka cire mata yanar ido, ta dawo da tabarau, ta ɗaukaka ƙara. Aka yi ta ɗage zaman. Duk ranar da aka sa, tana kan bencin kotu da gorar chibwantu, kunun masararmu, tana kurɓa tana jira. Kafin nan dorinai sun share gonaki, har da ta Siamunyano.

Ranar da aka saurare ta, sai ga Siamunyano ya miƙe yana murza hula.

"Ranka ya daɗe, ni na kawo ƙarar nan, kuma fushi ne ya kawo ni. Bijimina yana huɗa da kunne ɗaya. 'Ya'yana ne ba su da abin tuƙa tuwon nshima."

Alƙali ya duba shaidar likita, ya umarci a mayar mata da lasisi, bisa sharaɗin gwajin ido duk shekara.

A bakin kotu Siamunyano ya miƙa mata hannu. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa.

"Gobe ka kawo shanunka," ta ce. "Za mu sake shuka, ko da damina ta yi nisa."