Turmi Wayam da Kwanon Luba

Kakarmu ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, an bar garwashi a murhu. Ni da ƙanwata Luba mukan matsa jikin ƙafafunta, ita kuwa tana ta tona toka da tsinke. A Kaura Namoda muke, shekarun nan da aka ba mu jihar Zamfara, maganar Shari'a ta cika kowane zaure. Waya sai a ofis. In kana da saƙo, tasha za ka je ka nemi direba, ka haɗa shi da Allah.

Tsohuwar nan akwai rigima, ko buɗe tatsuniya ba ta yi kamar kowa. Sai ta ce, "Ga ta nan, ta taso daga Zurmi a ƙasa." Mu amsa, "Ta zauna ta sha ruwa." Wadda ta yi gyangyaɗi ba ta amsa ba, ranƙwashi ne rabonta.

Wani maraice Baba ya bi jama'a Gusau wajen taron Shari'a, kwana biyu shiru. Inna sai leƙa ƙofa take yi. Kaka ta harare ta, ta ce, "Zamna ke, leƙe ba ya kawo mota." Ran nan ta ba mu tatsuniyar turmi.

Wai ya da ƙanwa ne aka aurar, gulbi ya raba garuruwansu. Da damina ruwa ya cika, ba mai hayewa. Sai suka shirya: kowace safiya ƙanwar ta yi daka a bakin gulbi, yayar ta amsa mata daga can. In turmi da gero, lafiya lau. In aka ji shi wayam, to a zo. Rannan Dodo ya shigo garin ƙanwar, ya tsare ta. Ya lura kullum ana jiran dakanta a ƙetare, ya ce maza ta daka yadda ta saba, kada kowa ya gane. Ta juya masa baya, ta juye geron a zanenta, ta shiga dukan turmi. Dodo bai taɓa riƙe taɓarya ba, ina ya san bambanci? Yana ta gyaɗa kai. Yayar kuwa tana jin ƙwal, ƙwal, ta yar da taɓaryarta, ta tara maharba, suka haye bisa goruna suka ƙwato ta.

Luba, matsoraciya tun tana ƙarama, ta ce, "Kaka, in da iska ta ɗauke ƙarar fa?"

"Ke ɗiyag ga, mi ya kai ki ga iska? Abin da nika so ku riƙe, tun ana lahiya suka shirya. Ranar tashin hankali ba a shirin komi."

Washegari Baba ya dawo, ashe mota ce ta lalace musu. Muka ci gaba da wasanmu.

Shekaru suka tafi, Kaka ta rasu, aka aurar da Luba wani ƙauye gaba da Badarawa, ta wajen Shinkafi. Wayar hannu ta zo, muka saba da ita har muka manta tasha. Sai 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, aka ce za a rufe layukan waya. A kiranmu na ƙarshe ta ce, "Yaya, kin tuna turmin Kaka?"

Wasiƙa ba ta yiwuwa, don masu tare mota suna lalube, in suka ga takarda sai su ce kana kai rahoto. Muka tsaya a kan wani koren kwano. Malam Garba, direban da ke bin hanyar in ta samu, shi zai riƙa kai shi yana dawowa da shi. Ni in sa gishiri, ita ta sa daddawa. Ranar da ya zo wayam, in tura a ɗauko ta da 'ya'yanta. Ko shi direban ba mu gaya masa ba, gudun kada magana ta fita.

Wallahi duk ranar da nake jiran kwanon nan a bakin ƙofa nake wuni. Sau huɗu yana zuwa da daddawa. A na biyar na girgiza shi na ji nauyi, na ce alhamdu lillahi. Gyaɗa ce soyayya. Har na ɗiba na ci, na raba wa yara. Sai da na zo wanke shi na tsaya. Kwanon tas, ko ƙanshin daddawa babu. Gyaɗar kuma a farar leda, ƙullin 'yan tallar tasha. Yaushe Luba ta taɓa sayen gyaɗa, ita da ke nomanta?

Ban san lokacin da na isa tasha ba, takalmi ma na mijina ne a ƙafata. Na ce, "Malam Garba, don Allah, wa ya sa gyaɗar nan?"

Ya yi dariya, yana sosa ƙeya. "Hajiya, kin kama ni. Wayam ta miƙo mini shi. Na ce haba, a mayar wa babbar ya da kwano ba komi? Na ji mata kunya, na zuba."

"Yaushe ta ba ka?"

"Shekaranjiya."

Na zauna a ƙasa tsakiyar tasha. Da na yi masa bayani, bawan Allah ya dafe kai yana salati. Bai jira fasinja ba, ya ɗauki mijina suka kama hanya. A gindin wata tsamiya kusa da Badarawa suka same ta, da yara uku da ƙullin kaya. 'Yan bindiga sun aiko wa ƙauyensu gargaɗi, kowa ya watse, mijinta ya kora shanu wani wuri. Kwana biyu tana duban kowace mota.

Da ta sauko a ƙofar gidana ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Yaya, na ɗauka kin manta."

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Kaka ta koya mana ɓoye magana kada Dodo ya gane, ba ta ce mana mutumin kirki ma zai kasa ganewa ba. Kunya da alheri ne suka kusa cinye mini ƙanwa, kuma har yau na kasa jin haushin Malam Garba. Layuka sun dawo, Luba na nan unguwarmu, kullum muna tare. Koren kwanon yana kan kantar kwanuka a ɗakina. In aka wanke shi, ba na bari ya bushe sai na jefa wani abu a ciki, ko da ƙwayar gero ce.