Gurbina a Masaƙa

Ni na ci gwajin, ba yayana ba. Da wannan zan fara, don har yau in ya zauna cikin mutane sai ka ji yana cika baki wai da guminsa ya shiga masaƙa.

Tare muka gama aji bakwai a Manchok, don shi sau biyu ya maimaita. Da Kirsimeti wani mutumin garinmu, heluma, wato shugaban ma'aikata, a wata masaƙar Kaduna, ya zo gida ya ce akwai gurbi ɗaya a sashen duba yadi, mace ko namiji. Ya tara mu a harabar coci, ya miƙa wa kowa ƙyalle, ya ce mu nemo inda zare ya tsinke. Na nemo wuri bakwai. Yayana ya nemo biyu, ɗayan ma datti ne.

A wancan zamanin namiji ba ya shawara da kowa. Jirgin ƙasa na tsayawa a Kafanchan sai ya haye, Jos ne, Fatakwal ne, soja ne, duk inda ƙafarsa ta yi masa ƙaiƙayi. Mace kuwa ba aiki take zaɓa ba, gida ake zaɓa mata. Wa muke da shi a can? In babu goggo ko matar fasto da za ta sa miki ido, to ki manta da garin. Mu ba mu da kowa a Kaduna.

Dattawan coci suka zauna da Baba. Ba a kira ni ba, ina bayan danga ina surfe, ina jin komai.

"Yarinya shi kaɗai a Kaduna? Zai lalace," in ji babbansu da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Gurbi na gidanka ne. Ka ba namijin."

Baba ya ce to. Shi ke nan, to! Ni kuma aka samo mini aikatau a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi a Kafanchan, wanki da reno, wai don matar gidan mai ibada ce. Har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Ranar tafiyarsa ni aka ɗora wa akwatinsa har tasha. Mama ta kama hannuwanmu ta yi addu'a, Ubangiji ya albarkaci aikin da ya ba ɗanta, a cikin sunan Yesu. Kowa ya amsa, ban da ni. Ta matse mini yatsu.

"Ke, ba ki ce amin ba."

Na ce, "Mama, aikin nawa kun ba shi. Amin ɗin ma sai na ba shi?"