Eriyar Motar Sirkka

Osmo Tervo ya yi rabin rayuwarsa yana jan gungumen itace daga dazukan Suomussalmi na ƙasar Finland zuwa masana'antar katako. Direbobi sun san shi da abu biyu: surutu a oba-oba da iya haɗa wayar fitila. In ya kama rediyo da safe sai ya bi kowa da tsiya, wane ya makara, wane matarsa ta hana shi tsiran alade saboda tumbi. In kuwa fitilar wani ta mutu, garejin bayan gidansa ake kai motar.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Likita ta duba, ta sake dubawa, ta ce shi da tuƙin babbar mota sai dai kallo. Ya dawo gida ya zauna a kicin, ko rigar sanyi bai cire ba.

Matarsa Sirkka tana dafa abinci a makarantar firamare, amma tana da lasisin babbar mota tun suna sabon aure, lokacin da takan karɓe shi in ya gaji. Ta ajiye masa kofi ta ce, "Motar nan ba za a sayar da ita ba. Ni zan ja ta."

"Ke? Da tirela a baya, a kan ƙanƙara?"

"Wa ya koya mini? In na faɗa rami, laifin malamin ne."

Kafin duhun hunturu ya sauka, Osmo ya shirya mata motar kamar mai shirya amarya. Ya kafa sandar ƙarfe a rufin kan motar ya jera fitilu, ya ƙara manya guda huɗu a gaba saboda namun dajin da ke faɗowa titi, ya sa wasu a jikin ƙugiyar lodi. Kowane layi ya jawo shi daga batir da fis ɗinsa, ya zura wayoyin cikin roba, ya toshe duk hudar da ya yi don kada ruwa ya shiga. Yawancin aikin da yatsu ya yi shi, don idon ba ya rarrabe jar waya da mai ruwan ƙasa sai ya kai ta hanci. Makunnan ma ya matso da su kusa da sitiyari, saboda hannunta bai kai nasa tsawo ba. Daga ƙarshe ya ɗaura sabuwar eriya doguwa a saman kai. A hanyoyin daji mota biyu ba sa giftawa, dole kowa ya faɗi inda yake, ɗaya ya raɓe ya jira.

Da suka kunna fitilun, itatuwan bayan gida suka yi fari fat. Sirkka ta ce, "Kai tsoho, jirgin sama za ka saukar?" Ya yi dariya, ranar kam zuciyarsa fes.

Akwai tsohon rediyo a garejin. Nan ya koma zama, yana gyaran motocin mutane yana sauraren hanya. Da farko direbobi suna cewa, "Matar Osmo, kina ina?" Wannan bai dame shi ba. Ba a jima ba ta zama Sirkka kawai. Ran nan wani sabon direba ya tambayi inda ake haɗa fitila, aka ce masa, "Je wurin mijin Sirkka." Osmo ya ajiye sifana ya daɗe yana kallon rediyon.

Sannan ga wani direba, Kalevi Moilanen, gwauro, wanda a zamanin Osmo ko tari ba ya yi a oba-oba. Yanzu baki ya buɗe.

"Sirkka, na ga lodinki a mahaɗa. Ko da ma'aunin magina kika jera shi?"

"Kai dai Kalevi, ka fara koyon jera naka kafin ka yabi na wani."

Sai ta yi wata dariya da Osmo ya daɗe bai ji irinta a gida ba. Shi kansa bai san wanne ya fi ci masa rai ba, Kalevi ko ita. Tana zaune a kujerarsa, tana hawa tudun da ya sha kafewa a kai, ba ta taɓa bugo waya ta tambaye shi komai ba. Da yamma ta dawo da ƙanshin itacen fir a jikinta tana ba shi labarin hanya, shi kuwa yana tauna burodi kamar yana tauna roba.

Wata Lahadi ya ce zai duba fitilun sama. Ya hau tsani da filaya a aljihu, ya datse kan eriyar kamar tsawon taƙi, ya sassauta wayar da ke gindinta.

Bayan kwana biyu Sirkka ta ce, "Tun da ka taɓa motar nan rediyon ke shaƙewa."

"Sanyi ne," in ji shi, bai ɗago kai ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, shi ma ya daina jin ta. Sai muryar Kalevi kaɗai ke shigowa garejin: "Sirkka, kina ji na? Sirkka?" Shiru. Da can yana jin abin da suke faɗa, yanzu sai dai ya ƙirƙira da kansa, kuma abin da yake ƙirƙirawa ya fi muni.

Ranar Alhamis da la'asar, gari ya riga ya yi duhu, ya ji Kalevi yana cewa ya taso daga gangaren tafki da cikakken lodi, duk mai hawowa ya jira. Osmo ya san can aka tura Sirkka. Ya fizgi bakin rediyo yana kiran sunanta, yana sane ba za ta ji ba. Can sai ihun Kalevi, sai shiru mai tsawo. Osmo ya tsaya riƙe da teburin aiki.

Da muryar ta dawo, Kalevi yana haki. Ya ce ya hango haske ta cikin itatuwa kafin kwana, ya taka birki, ita kuma ta kauce, ƙafafun tirelarta suka zame cikin rami. Babu wanda ya ji ciwo. Ya sa sarƙa ya jawo ta. Bayan ɗan lokaci sai ga muryar Sirkka tangaran, kamar tana cikin garejin: "Osmo, na san kana saurare. Ɗora dankali, ina tafe."

Ta shigo kicin ta ajiye guntuwar eriyar a kan tebur, bakin yankan yana ƙyalli.

"Kalevi ya hau ya sa mini tasa ta ajiya. Ya ce reshe ne ya karya wannan. Ban ce masa komai ba." Ta zauna. "Reshe mai filaya."

Osmo ya ɗauki guntuwar eriyar yana jujjuya ta.

"Kishin Kalevi kake, ko na motar?"

"Ban sani ba," ya ce. "Duka."

"Da ka kashe ni yau, ka san haka?"

Ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Ba ta lallashe shi ba. Ta ci dankalinta, ta shiga sauna, ɗakin wankan tururi, ita kaɗai, ta yi mako ba ta ba shi labarin hanya ba. Da ya ce zai sayo sabuwar eriya ya cire ta Kalevi, ta ce ko tsani ya jingina wa motar, a gareji zai kwana.

Bayan Kirsimeti ta fara tafiya da shi wasu ranaku. Yana zama a kujerar gefe riƙe da filas, yana cije leɓe duk lokacin da ta canja giya, tana ce masa ya faɗa ko ya fashe. Da bazara Kalevi ya auri wata ma'aikaciyar jinya daga garin Kuhmo. A wurin bikin babu wanda ya kai Osmo rawa, har ya taka ƙafar uwar amarya, ya rungume ango sau uku. Sirkka ta ja shi gefe ta ce ya zauna haka nan, mutane sun fara tambaya ko shi ne ya haɗa auren.