Tarwaɗa mai ƙugiya biyu

Jama'a, yau na kama kifin da wani ya riga ni kamawa!

Ina fatsa a dam na fito da ƙatuwar tarwaɗa. A bakinta sai ga wata ƙugiya mai jan zare, alamar Baba Sale, dattijon da igiyarsa ta tsinke jiya kusa da ni. A ƙa'idarmu ta masu fatsa, wanda ƙugiyarsa ta fara shiga shi ke da kifi.

Na hau babur har gidansa a Dutsi. Ya zare ƙugiyarsa ya miƙo mini kifin.

"Na ɗauki nawa, ɗana."

Na ce, "Baba, ba na cin haƙƙin wani."

Ya ce, "Ni ma haka."

Na rataye masa tarwaɗar a zaure na tafi. Da la'asar ya aiko da ita gidana a Daura.

Ana soya ta yanzu. Wallahi a gidansa za a ci ta.